Haƙorin Mai Begila

"Baba, ajiye wannan abin tukuna," in ji Likita Bushira.

Saje Dominic bai ajiye ba. Ya kishingiɗa a kujerar da ke komawa baya da kanta, rungume da begilarsa a ƙirji, yana ƙare wa fitilar da ke saman kansa kallo. Tsohon soja ne, mai busa wa bataliya. Tun da ya yi ritaya ya dawo Zuru, kullum sai ya goge begilar nan da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli, amma bakin da ke busa ta bai taɓa kai shi gaban likita ba. Goro da taba sun yi aikinsu. Wauta ce, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba.

"Ba zai ajiye ba, Likita," in ji 'yarsa Keziah daga bakin ƙofa. "Ko coci da ita yake zuwa."

Abin da ya kawo su ba ɓoyayye ba ne. Aaron, wanda suka shiga soja tare, ya rasu, za a binne shi ranar Asabar a Danko. Dominic ya yi masa alkawarin busar bankwana ta sojoji a bakin kabari. Jiya da ya gwada, haƙorinsa na gaba na sama, inda bakin begila ke zama, ya karkata baya, sauti ya fita kamar kukan ɗan akuya.

"Wanke shi kawai za ki yi, 'yata, ya yi ƙarfi," ya ce. "Wannan ɗan madubin kuma na mene ne?"

"Da shi nake ganin bayan haƙori. Buɗe baki."

Ta taɓa haƙorin da wani siririn ƙarfe, ya yi lilo. Ta sa aka ɗauki hotonsa, ta ɗaga hoton a gaban fitila. Dominic ya miƙe zaune.

"Kai! Duk wannan tsawon yana cikin nama? Ashe haƙori rogo ne."

"Rogon da ruwa ya zaizaye ƙasarsa," ta ce. "Dubi nan. A da ƙashi ya kai har wuyansa, yanzu ya koma gindi. Dattin da ya daskare ya zama dutse shi ya cinye dasashi da ƙashin. Wanki ba ya mayar da ƙashi, Baba. Idan na kankare ma, za ka ji ya ƙara motsi, don dattin ne ke tokare da shi."

"Wato ƙazantarsa ce ke riƙe da shi," in ji Keziah.

"Ke, wa ya sa baki da ke?"

Likita ta ce abin da ya dace shi ne a cire. In wurin ya warke a auna bakinsa, a yi masa na roba mai launin sauran. Ba wanda zai gane.

"Kafin Asabar?"

"Ina! Sai bayan makonni."

Dominic ya ƙara rungume begilarsa. Likita kuma ta tsaya tana kallon begilar. Ta ce ta yi wa amare farin haƙori, ta toshe wa 'yan mata wushirya, wasu ma sun zo neman a buɗe musu, amma mai busa bai taɓa zuwa mata ba.

"Nuna mini yadda kake ɗora ta."

Ya ɗora a leɓe. Ta zagayo ta gefe, ta durƙusa, ta sa ya danna, ya sassauta, ya sake dannawa.

"Ashe baya take tura shi, ba ƙasa ba," ta ce a hankali. "To, akwai dabara. Zan ɗaure shi da maƙwabtansa ta ciki, su ɗauki nauyin tare. Ba magani ba ne, jinkiri ne."

"Kamar yadda muke tallafar wanda aka harba."

"Ni ban je yaƙi ba, Baba. Buɗe."

Injin kankare haƙori ya yi ƙara kamar sauro a kunne, ruwan sanyi na fesowa, wani bututu na tsotsewa. Dominic ya damƙe begila, hawaye ya gangaro masa gefen ido. Da ya kurkure baki ya ga baƙaƙen ɓarɓashi a kwano, ya tambaya ko haƙorinsa ne ya farfashe. Ta ce a'a, goron shekara da shekaru ne. Sannan ta shimfiɗa siririyar waya a bayan haƙoran, ta shafa farin danƙo, ta haska shi da shuɗiyar fitila.

"Wuta ce?"

"Haske ne kawai. Shi ke busar da shi."

Ya taɓa da harshe. Ya ture da yatsa. Haƙori ya tsaya.

"Gwada," ta ce. "Ina son in ji."

Ya miƙe, ya haɗa dugadugansa, ya busa. Sautin ya fita tsaf, ya hau, ya tsaya a sama bai karye ba. Masu jira a baranda suka leƙo ta taga, kowa dafe da kuncinsa. Keziah ta juya fuska bango.

Da ya sauke begilar, akwai ɗan jini a bakinta. Likita ta gani.

"Zai kai ka Asabar. Kada ka ciji goro ko rake. Ranar Litinin ka dawo mu cire."

"Na robar fa, yana busa?"

Ba ta yi masa ƙarya ba. "Za ka ci tuwo, za ka yi dariya a hoto. Amma ba zai ɗauki wannan dannawar ba."

Dominic ya goge bakin begilar da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Aaron ɗan sa'a ne tun muna kurata," ya ce. "Shi ya samu mai busa masa."

Ya miƙa wa Keziah begilar ta riƙe, ya juya wurin likita.

"Litinin ɗin, da safe ko da yamma?"