Sau Nawa Ka Shiga?

Nouhou ya tsayar da tasinsa a bakin ƙofar filin wasan, ya zagayo ya buɗe wa Mista Malachy ƙofa, ya miƙa masa sandarsa. Tsohon ya karɓi sandar, amma ya ƙi sakin hannunsa.

"Yau ba za ka sauke ni kamar buhun shinkafa ka wuce ba," in ji shi da Turanci. "Nemi wuri ka ajiye motar. Tikiti biyu na saya. Matarka ta kira ni jiya."

To, in Hindou ta sa baki a magana, an gama. Nouhou ya yi ta zagaye har ya samu wani lungu ya cusa motar, ya dawo yana gunaguni cewa ranar Asabar ranar aiki ce.

Ya daɗe yana ɗauko Mista Malachy daga gidansa na Glenwood duk Asabar ɗin da ƙungiyar kwalejin garin take wasa a gida, tun da ciwon gwiwa ya raba tsohon da tuƙi. Bai taɓa leƙa cikin filin ba. A ganinsa wannan abin da Amurkawa suke kira ƙwallo ba ƙwallo ba ne. An samu wata aba mai siffar gwanda, ƙato ya rungume ta a ƙirji yana gudu kamar ɓarawon kaza, sauran ƙattai su bi shi su danne. Shi kuwa Nouhou ya buga ƙwallo ta gaske a Maraɗi, mai tsaron baya ne, kuma a wurinsa ɗan wasa shi ne wanda ake busa usur na farko yana ciki, a busa na ƙarshe yana ciki. Benci wurin zaman ragwaye ne da waɗanda kawunsu ya san koci.

Sai ga shi ɗansa na fari, Djibrilla, wanda ya koya wa buga ƙwallo da ƙafa a bayan gida, ya ƙare a wannan ƙungiyar. Shekararsa ta biyu ke nan. Duk daren Asabar, suna cin tuwo, Nouhou zai tambaye shi, "Sau nawa ka shiga yau?"

"A lot, Baba."

"Da yawa?"

"Da yawa."

"Alhamdulillahi."

Anissa, ƙanwar Djibrilla, sai ta sunkuyar da kai cikin kwano, kafaɗunta na rawa. Nouhou bai taɓa kula ba. Ranar Juma'a, bayan an idar, zai tare Alhaji Tahirou da sauran 'yan Nijar a wurin takalma ya ba su labari: bara yaron sau huɗu ko biyar yake shiga, bana har goma ana kiransa. Da ya gaya wa Mista Malachy cewa mai lamba goma sha tara ɗansa ne, tsohon ya ce, "Ai shi ya fi kowa a ƙungiyar nan, Allah ya ji ƙanmu." Nouhou ya ɗauki rabin maganar na farko ya sa aljihu, ya bar masa sauran.

Abin da ya hana gidan sakat a wannan kakar ta dubu biyu da biyar shi ne wata babbar jami'a a Ohio da ta nemi Djibrilla ya koma can. Kocin jami'ar yana jiran amsa zuwa Litinin. Dokarsu kuma ta ce duk wanda ya sauya makaranta sai ya yi shekara guda a zaune, ba ya wasa. Nan Nouhou ya kafe. Ka bar inda ake kiranka sau goma, ka tafi ka ɗumama wa wasu benci? Yaron ya yi bayani da Turanci, ya gwada da Hausarsa mai ɗingishi, uban ya ce bai ji ba. Djibrilla kuwa ya ce ba zai taka ko'ina ba sai da albarkar ubansa. Gaskiyar da Nouhou bai gaya wa ko Hindou ba ita ce, ba ya son yaron ya yi nisa. Ya bar nasa uban a Maraɗi da niyyar shekara biyu, bai sake ganinsa ba.

Suka hau matakala a hankali, tsohon yana hutawa yana gaisawa da tsaransa. Rabin kujerun babu kowa. Waɗanda suka zo yawancinsu masu furfura ne, sanye da tsofaffin rigunan ƙungiyar da suka koɗe, kowa da zamanin da yake taƙama da shi. Ƙungiyar ba ta ci wasa ko ɗaya ba tun da aka fara kakar, amma wannan bai taɓa damun Nouhou ba. Ko a Maraɗi akan samu gwani cikin 'yan tayi-daɗi.

Aka fara. Aka yi karo, aka faɗi, aka tashi, aka taru ana ƙus-ƙus, aka sake karo. Nouhou bai gane komai ba sai da ya hango lamba goma sha tara ya sa hular kwano ya rugo cikin fili. Ya miƙe tsaye.

"Allez, Djibo!" Ya shiga tafi da dukkan ƙarfinsa.

Aka jefo wa yaron ƙwallon, ya sake ta, ya ɗaga ƙafa har kusan goshinsa. Ta tashi sama tana juyawa, ta daɗe kafin ta sauko can ƙarshen fili. Bugu ne mai kyau, ko makaho ya ji ƙararsa. Nouhou ya duba dama da hagu don ya karɓi barka, sai ya ga shi kaɗai ne a tsaye. Ya ce a ransa Amurkawa akwai hassada.

Ba a jima ba aka sake kiran yaron, uban ya sake tashi. A karo na uku wata mata mai ƙatuwar hula da ke gabansu ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, wai kai wane ɓangare kake goyon baya?"

Mista Malachy ya jawo gefen rigarsa. "Zauna, Nouhou. Ina tsammanin ka sani. Wallahi duk shekarun nan ina tsammanin ka sani."

Ya zaro gyaɗa huɗu daga ƙunshin da yake ci, ya jera su a kan gwiwarsa.

"In ƙwallo tana hannunmu, ana ba mu dama huɗu mu ci yadi goma. In mun ci, a ba mu wasu huɗun, mu ci gaba har mu kai gida." Ya ɗauke gyaɗa ɗaya ya jefa a baki. "Mun gwada, an tare mu." Ya ɗauke ta biyu. "An tare mu." Ya ɗauke ta uku. Ya nuna wadda ta rage. "Wannan ita ce ɗanka. In mun kasa, sai a kira shi ya buga ta nesa, mu miƙa wa abokan gaba, mu ce ga ta nan, mun gaji. Duk shigarsa ɗaya, kasawarmu ɗaya."

Nouhou ya kalli gyaɗar. "To in ƙungiya tana da ƙarfi fa?"

"Sai ya yi ta zama." Tsohon ya gyara zama, don an zo inda yake so. "A zamaninmu, shekarun sittin, fili duk taɓo, hularmu kamar ƙwarya, mun yi kaka uku ba a ci mu a gidan nan ba. Muna da mai bugu, wani siriri, na ma manta sunansa. Mai Hutu muke ce masa. Gyaɗa yake ci a benci har ya yi ƙiba, uwarsa ta zo kallo sau biyu ba ta ga ya tashi ba. 'Yan shekarun tamanin ba su kai mu ƙarfi ba, kada ka bari wancan mai sanƙon ya ruɗe ka, amma akwai gudu, kafin ka ƙifta ido sun kai. Su ma ba wanda ya san mai bugunsu. Har lokacin da ka zo garin nan da sauran abin kallo. Yanzu kuwa tambayi kowa a nan sunan ɗan wasa ɗaya, na ɗanka zai faɗa maka."

Da a mota ne, Nouhou zai ce "haka ne, haka ne" yana tunanin wani abu dabam, domin ya sha jin labarin shekarun sittin har ya haddace, kuma ya lura duk shekara taɓon yana ƙara zurfi. Yau kam kowace kalma ta shige shi.

Aka tafi hutun rabin lokaci, 'yan badujala suka cika fili da ganguna da kakaki, mutane suka ɗan farfaɗo. Nouhou bai ga ko ɗaya ba. Kwanon tuwo yake gani, da kan Anissa a sunkuye, da bakin Djibrilla yana cewa da yawa. Ashe yaron cewa yake yi an wulaƙanta mu yau, uban yana amsawa da godiya ga Allah. Ya tuna Alhaji Tahirou, wanda 'ya'yansa uku suka tashi a nan, yadda yake murmushi yana gyaɗa kai. Kunya ta rufe shi, amma tausayin yaron ya fi kunyar ciwo.

"Za su gyaru?" ya tambaya.

"Yara ne," in ji Mista Malachy. "Sabon kocin ya sallami rabin manyan, ya kwaso 'yan sakandare, yana gini daga tushe. Na ga an yi haka sau biyu a nan. Sau ɗaya ya yi kyau, sau ɗaya aka kori mai ginin kafin ya kai linta. Wannan ina ganin zai yi kyau." Ya ɓare gyaɗa. "Amma ba a zamanin ɗanka ba. Ranar da za su iya, ya gama makaranta. Ni dai son raina ya zauna, shi kaɗai nake zuwa kallo. Kada ka bi son raina."

Aka dawo. Djibrilla ya shiga, ya sake shiga. Nouhou yana zaune, hannuwansa a tsakanin cinyoyi. Yanzu da ya san abin dubawa, ya ga yadda yaron yake fita da gudu ba ya kallon kowa, ya koma can ƙarshen benci ya zauna shi kaɗai, hular a kan gwiwa.

Ana kusa da tashi 'yan yaran suka ɗan taɓuka, suka kai tsakiyar fili. Dama ta farko aka tare su. Ta biyu ma haka. A ta uku suka matsa, saura abin da bai kai taku ɗaya ba. Nouhou yana lissafi da yatsunsa kamar mai tasbihi. Ya ga Djibrilla ya tashi, ya sa hula, ya nufo layi.

"Ya Allah ka zaunar da shi," ya ji bakinsa yana faɗa. "Ya Allah kada ya shiga."

Kocin ya miƙa hannu ya tare ƙirjin yaron. Ƙattan suka sake jeruwa, suka dunƙule, suka tura. Aka yi tsibi guda na mutane, alƙalin wasa ya tono ƙwallon daga ƙasa, ya nuna gaba. Filin ya ɗauki ihu. Matar mai hula ta juyo ta girgiza kafaɗar Nouhou kamar ta san shi tun yana yaro. Shi kuwa ɗansa yake kallo, yana tsalle a bakin layi, yana dukan bayan abokansa, yana dariya har haƙoransa na waje. Duk bugun da ya yi yau babu wanda ya sa shi ko murmushi.

Sun kai gida sau ɗaya a wannan zuwan. An dai cinye su, da rata mai yawa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Djibrilla ya fito da jakarsa. Mista Malachy yana kujerar baya, ya jingina kai ya rufe ido. Nouhou yana tsaye jikin mota.

"Mama ta ce ka zo," in ji yaron. "Ka gani?"

"Na gani. Me ya hana ka gaya mini?"

"I tried, Baba." Ya sauya jakar zuwa ɗaya kafaɗar. "Daga baya na bari. Ranar Asabar kai kaɗai ne kake murna. Ban so in ɓata maka ba."

Nouhou ya ɗan kau da kai, ya goge wani abu da babu shi a jikin gilashi.

"Waɗancan na Ohio, mai bugunsu sau nawa yake shiga?"

"Biyu, uku. Wata rana ko sau ɗaya."

"Bon." Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya buɗe ta, ya miƙa masa. "Kira mutumin. Ba sai Litinin ba."

Yaron ya tsaya riƙe da wayar yana kallonsa. Nouhou ya ɗora hannu a kansa, sai da ya yi ɗage, don yaron ya fi shi tsawo tun tuni.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka inda za ka. Allah ya sa ka yi ta zaman benci."

"Amin, Baba."

Suka shiga mota. Djibrilla yana gaba yana magana a waya ƙasa-ƙasa, yana cewa yes sir, yes sir. Nouhou ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tunanin ɗakin da zai zama babu kowa, da kwano ɗaya da za a rage ranar Asabar. Ya wuce kwanar Glenwood, hanyar da zai iya bi ido rufe. Mista Malachy ya buɗe ido ya ga an wuce gidansa, ya mayar ya rufe.