Wa Ya Dasa Itacen Tasha?

"Ba haka nake rubutu ba," in ji Clarrie daga bayan ƙofar raga. "Naki ya cika kyau. Ɓata shi kaɗan."

Noelene maƙwabciyarsa tana tsaye a kan akwatin roba a bakin shingensa, alli a hannu, rana ba ta gama fitowa ba. Ta sa gefen hannu ta goge layin, ta sake rubuta shi a karkace.

"To, tsohon banza, ya yi muni yadda kake so?"

"Ya kusa. Ci gaba, yarinya. Rubuta: A rana irin ta yau, 1932, gwamnati ta turo sojoji da manyan bindigogi su yaƙi tsuntsayen emu da ke cinye mana alkama. Emu ne suka yi nasara."

Yarinyar da yake faɗa ta haura saba'in, gwiwoyinta ma sun daina yi mata biyayya. Ta rubuta. Ya ba ta abin dariya na ranar, ya ba ta tambaya, ya ba ta amsar tambayar jiya, wato dabbar da kashinta ke fitowa da kusurwa huɗu kamar sukarin ƙwaya, wombat. A ƙasa kuma, inda kullum yake zuba ra'ayinsa, ya sa ta rubuta cewa ramin da ke titin makaranta ya isa shiga aji ɗaya, ya kamata ƙaramar hukuma ta saya masa jaka.

Wannan baƙin allo ya girmi rabin mutanen garin. Da can a ƙofar shagon jaridun Clarrie yake. Da jirgin ƙasa ya daina tsayawa, banki ya tashi, shagon ya bi su, sai ya ciro allon ya kafa a shingen gidansa, ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Tarihi, raha, tambaya, tsegumi, kullum safiya. Direbobin motocin alkama kan rage gudu su karanta, in abin ya ba su dariya su danna hon. A garin da matasa suka watse, coci ke buɗewa jifa-jifa, allon Clarrie ne kaɗai abin da ke sabuwa kowace rana.

Amma allon ya zame masa wani abu dabam tun lokacin sanyi, da ya faɗi a banɗaki. 'Yarsa Bronwyn ta taho daga birnin Perth da takardun wani gidan tsofaffi mai kafet da furannin roba. Suka yi ta ja har ta gaji, sannan ta yanke hukunci a gaban Noelene.

"Baba, ga sharaɗi. Gwenda mai raba wasiƙu za ta riƙa turo min hoton allon nan kowace safiya. Muddin kana iya fitowa ka rubuta, na bar ka a gidanka. Ranar da ban ga allo ba, ko ka sake faɗuwa, zan zo da mota, kuma ba zan saurari komai ba."

Ya yarda da fara'a. Kafin girbi hannunsa na dama ya fara rawa, har alli ya gagare shi riƙewa.

Noelene ba ta yi dogon tunani ba. A wannan gidan matarsa ta rasu, a barandar nan yake shan gwangwanin giyarsa da yamma, tumatirinsa na nan a gefen matakala. Ta taɓa kai ziyara irin wancan gida, ta ga tsofaffi a jere gaban talabijin ba mai magana da wani, kuma ta san Clarrie ba zai yi wata a can ba. Don haka ta koyi mummunan rubutunsa, ta riƙa fitowa kafin Gwenda ta iso. Ƙarya ce, ta sani, amma ƙaryar ta fi mata daɗin komai a rayuwarta ta yanzu, tun da mijinta ya mutu ba wanda ke jiran ta da safe sai wannan tsoho mai baki.

Zafi ya shigo da ƙarfinsa a watan Disamba, kamar yadda ya saba a wannan ƙasa. Safiya ta fara yi wa Clarrie nauyi, sai suka sauya tsari: ya faɗa mata abin gobe da yamma a baranda, ita kuma ta rubuta da sassafe ba tare da ta tashe shi ba. A irin wannan yammar ne ta ga tabo shuɗi a goshinsa da wani a gwiwar hannu.

"Ka sake faɗuwa."

"Ƙofar firij ce ta tsokane ni."

"Clarrie, ka sake faɗuwa. Bari in kira nas ta duba ka, ba sai Bronwyn ta ji ba."

"A garin nan? Kafin nas ta rufe jakarta labari ya kai Perth." Ya ajiye gwangwanin da hannu biyu. "Lafiyata lau."

Mutanen nan kuwa ba su da wata amsa sai wannan. Wanda gonarsa ta ƙone lafiyarsa lau, wanda likita ya ba watanni lafiyarsa lau, kuma rashin kunya ne ka tambayi mutum sau biyu. Noelene a cikin wannan aka haife ta, amma ranar ta karya doka, ta sake tambaya, har ta ce in bai yarda ba ita za ta buga wa Bronwyn da kanta.

Fuskarsa ta sauya. Bai ɗaga murya ba.

"In kika yi haka, kada ki ƙara taka min matakala. Ni ba jaririnki ba ne, Noelene. Alli na ce ki riƙe min, ba ni ba."

Daga baya, yana kallon titi, ya karanto mata na gobe a bushe: ranar da wani firayim minista ya shiga teku wanka bai fito ba, aka rasa abin tunawa da shi sai wurin ninƙaya. Tambaya kuma: wa ya dasa ƙaton itacen turaren da ke gaban tsohuwar tasha?

"Wa ya dasa?" ta tambaya, don a sami abin cewa.

"Amsa sai gobe. Ki rubuta ki tafi, kada ki buga min ƙofa."

Washegari ta rubuta. Ƙofar katako da ke bayan ta raga a rufe take, rediyo na magana can ciki. Ba a kulle take ba, babu ƙofar da ake kullewa a garin, kuma shi ya sa ba mai tura wadda aka rufe. Ta ce a ranta fushi yake, a bar shi ya huce. Da yamma bai fito baranda ba. Ta dafa nama da dankali, ta tsaya da kwanon a bakin shingenta, ta tuna maganar matakala, ta koma ciki. Ita ma tana da nata girman kan.

Kashegari kuma ta fito ba ta da abin rubutawa, ga shi Gwenda na hanya. In allo bai sauya ba, kafin rana ta yi tsaka Bronwyn ta kamo hanya. Ta dubi ƙofar, ta dubi titi, ta hau akwatin. Shekara da shekaru tana sauraron mutumin, ta san salonsa. Ta tono wani tsohon labarinsa na ambaliya, ta ƙara abin dariya, a wurin amsa ta rubuta: ku ƙara haƙuri. A ƙasa ta rubuta cewa mutanen garin nan, duk da halinsu, babu kamarsu. Gwenda ta zo ta ɗauki hoto ta wuce tana ɗaga hannu. Motoci biyu suka danna hon. Abin kunya, Noelene ta ji daɗi har cikin ranta.

Rana ta take sosai lokacin da Tibor, ɗaya daga cikin direbobin motocin alkama, ya taka birki a ƙofar gidanta. Direba ba ya tsayawa a tsakiyar girbi sai da dalili.

"Noels, me ya sami tsohon? Tun ina yaro bai taɓa riƙe amsa ba. Kuma yau har yabon mu ya yi. Ko dai ya sha magani ya yi yawa?"

Da wasa ya faɗa. Ita kuwa idonta ya sauka kan tumatirin Clarrie da ke gefen matakala. Ganyen sun langaɓe, ƙasar ta tsattsage. Clarrie na iya mantawa da cin abinci, amma ba ya mantawa da ban ruwa.

Ta ruga gidansa ta tura ƙofar, ta buɗu rabi ta tokare da ƙafarsa. Yana kwance a siririn lungun da ke bayanta, cikin kayan barci, ƙugunsa a murɗe, leɓunansa sun bushe sun tsage. Gidan kamar tanda. Tibor ya fita da gudu yana buga waya, ita kuma ta durƙusa ta jiƙa gefen rigarta tana ɗiga masa ruwa a baki. Ya buɗe ido.

"Na ji ki," in ji shi, muryar da ƙyar take fita. "Jiya da yau. Allinki na da ƙara."

Tsakanin inda yake da allon bai wuce tsawon mota ba.

"Ka ji ni? Me ya hana ka kira ni, Clarrie? Me ya hana ka?"

"Gwenda na tafe."

Nan ta gane, kuma ganewar ta fi ganinsa a ƙasa ciwo. Yana kwance yana jin ta, ya danne bakinsa da gangan, don kiran ta na nufin motar asibiti, motar asibiti na nufin Perth. Ita kuma, da hannunta, ta tsaya a waje tana shaida wa gari duka cewa lafiyarsa lau.

Masu motar asibitin 'yan sa kai ne, manoma, duk suna can cikin gonaki a kan injin girbi. Sai an nemo su, sai sun sauko, sai sun iso. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta. Rediyo na ta ba da farashin alkama.

"Me kika rubuta yau?" ya tambaya.

Ta faɗa masa. Ya ɗan motsa baki.

"Kin ɓata min suna."

"To gyara. Wa ya dasa itacen? Faɗa min in rubuta."

"Gobe, yarinya."

Da suka iso, da ƙaiƙayi a gashinsu, babu sauran abin gaggawa. Suka cire huluna. A gidansa ya mutu, kamar yadda ya so, kuma wannan bai rage wa Noelene komai ba.

Bronwyn ta iso kafin faɗuwar rana. Ba ta shiga gida kai tsaye ba, ta tsaya gaban allon, waya a hannu, tana duban hoton safe tana duban rubutun. Tun tana ƙarama Anti take kiran Noelene, a kicin ɗinta ta koyi yin kek.

"Na ga wannan da safe na yi dariya," in ji ta. "Na nuna wa abokan aikina. Na ce ku ga babana, har yanzu da sauransa. A lokacin yana kwance bayan ƙofar can." Ta juyo. "Tun yaushe?"

"Tun kafin girbi."

"Da kin bar allon nan haka nan jiya, da na zo jiya."

"Na sani."

"Da yana raye."

"Da yana raye," in ji Noelene. Ta so ta ce shi ya zaɓa, ta so ta faɗi abin da ya ce game da Gwenda, amma ta ga ba abin da zai yi sai ƙara wa yarinyar wani ciwon, don haka ta haɗiye. Bronwyn ta yi mata godiya da ta sa aka kira motar asibiti, ta kira ta da sunan mijinta kamar baƙuwa, ta hau matakala ta rufe ƙofa.

An yi jana'iza, mata suka kawo kek da shayi a zauren gari. Ba wanda ya ce wa Noelene uffan, wanda a garin nan ya fi zagi nauyi, ko kuwa tausayi ne, ba ta iya bambancewa ba. Wajen shan shayi aka yi ta gardamar itacen tasha. Wani ya ce ma'aikatan jirgi ne, wata ta ce kakanta ne, wani ya ce da kansa ya tsiro. Aka juya za a tambayi wanda ya sani, sai aka tuna shi aka binne.

Bronwyn ta kwashe kaya, ta sa an kafa alamar sayarwa, ko da yake ba mai sayen gida a garin. Allon ta wanke shi da ruwa ta bar shi a shinge, don kusoshin sun yi tsatsa sun ƙi fita.

Har yanzu Noelene na farkawa kafin rana. Ran nan ta sa hannu a aljihun rigar kicin ta ji guntun alli, ta fito baranda da shi a tafinta, ta zauna. Motar alkama ta taho daga wajen gonaki, ta rage gudu daidai shingen Clarrie kamar yadda ta saba. Direban ya leƙo, ya dubi baƙin allon, ya sa giya ya wuce bai danna hon ba.