Abin da Haƙoran Mailafiya Suka Ji

Geneviève ta janye tamfol daga kan motar, busasshen ganyen dalbejiya ya zube mata a ƙafa. Mailafiya, tsohon bakanike, bai taya ta ba. Yana tsaye gefe da hannuwa a baya, yana duban ƙasar da ke ƙarƙashin motar. Sai da ya gama da ƙasar ya ɗago kai.

Fijo ce 404, wadda mutanen Garwa ke kira kat-san-kat. Da fara ce, yanzu ta koma launin tsohon haƙori. Ta girmi Geneviève. Mahaifinta, Papa Antoine, ya daɗe yana tuƙa ta lokacin da yake direban mishan a Poli, da limaman cocin suka sauya mota sai suka bar masa ita. Tun da ƙafafunsa suka daina biyan bukata ba ta ƙara fita daga tsakar gidan nan na unguwar Yelwa ba.

Abin da ya kawo Mailafiya ba gyara ba ne, hukunci ne. Papa Antoine yana zuwa asibiti wankin ƙoda, kuma ya ce ya gaji. Yana so a mayar da shi Poli, gindin duwatsun da aka haife shi, inda babu na'urar wankin ƙoda. Kowa a gidan ya san ma'anar haka. Ya ce ba zai shiga motar haya ba, a motarsa zai koma. Geneviève ta ce motar ba za ta kai ko gadar Binuwai ba. Sai tsohon ya yanke magana: a kira Mailafiya. In ya ce injin ba zai kai ba, shi zai zauna, ba zai sake tayar da zancen ba.

Ta yarda ne don tana ganin ta riga ta san amsar. Ƙanenta Bertrand, lokacin da ya zo hutu daga Douala kwanakin baya, ya buɗe murfin wurin zuba baƙin mai ya nuna mata wani farin abu mai kauri kamar kindirmo. Ya ce gaskit ɗin kan injin ya ƙone, ruwa yana shiga mai, motar ta gama yawo.

"Kurman nan ya iso?" Muryar Papa Antoine ce daga tagar ɗakinsa.

Mailafiya bai ji ba. Kunnuwansa sun mutu a gareji tun da daɗewa, sai an fuskance shi yake karanta magana a leɓe. Geneviève ta taɓa kafaɗarsa ta maimaita masa.

"Ce wa mutumin dutse kurma ya zo gai da uwargidansa," in ji shi, yana nuna motar da haɓa. "Shi kuwa ya kwanta, ba wurinsa na zo ba."

Aka ji tsohon yana dariya, dariyar ta koma tari.

Mailafiya ya ɗaga bonet, bai taɓa komai ba tukuna. Ya sunkuya ya shaƙi iskar da ke ciki. Ya zaro ƙarfen awon mai, ya murza abin da ya biyo shi tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga yatsun wajen haske, ya sansana. Sannan ya kwance murfin da Bertrand ya kwance. Farin abin yana nan. Geneviève ta matso don ya ga bakinta.

"Ka gani, Baba? Gaskit ne."

"Na ga fari," in ji shi. "Ban ga gaskit ba."

Ya buɗe lagireto ya tsoma yatsa. Ruwan yana da tsatsa, amma babu maiƙo a samansa. Ya ɗauko sufana ya kwance fulogi huɗun, waɗanda shi yake kira buji, ya jera su a kan tsumma yadda suke a jikin injin. Dukkansu baƙi wuluk, kamar gindin tukunya.

"Dubi nan, 'yar Antuwan. In ruwa na shiga wani ɗakin injin, bujin ɗakin yakan fito tas, kamar an wanke shi. Tururi ke wanke shi. Waɗannan duk 'yan uwan juna ne. Ba wanda ya yi wanka."

Ya cire wayar wuta, ya ce ta shiga ta murɗa makulli. Ya danna babban yatsansa a ramin fulogi na farko. Injin ya juya, iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ya koma na biyu, haka. Na uku da na huɗu ma haka. A kowane rami fuskarsa ba ta canza ba, sai dai a na ƙarshe ya ɗan daɗe yana duban yatsan, wanda zoben ramin ya fito a jikinsa.

"Yaya kuke tayar da ita?"

Ta gaya masa. Kowace Lahadi, in an dawo daga coci, takan riƙo Papa ta zaunar da shi a kujerar direba. Shi ke murɗa makulli. Injin na tashi sai ya fara addu'ar Ubanmu, yana kaiwa Amin sai ya kashe.

"Addu'ar tana da tsawo?"

"A'a."

"Me ya sa yake kashewa?"

"Ya ce kada ta gaji. Ta tsufa."

Mailafiya ya girgiza kai a hankali. Ya goge fulogin ɗaya bayan ɗaya da burushin waya, ya mayar, ya haɗa wayar wuta. Ya ce ta tayar, kuma kada ta kashe sai ya ce.

Injin ya tashi da tari da karkarwa, motar duka tana rawa. Farin hayaƙi ya tuɗo daga salansa, ruwa yana ɗiga a ƙasa. Geneviève ta ji sanyi a ranta, irin sanyin da ba ta so ta amsa sunansa: hayaƙin yana goyon bayanta. Mailafiya kuwa ya ja kujera ƙarƙashin dalbejiya ya zauna.

Lokacin addu'a ɗaya ya wuce, na biyu ma ya wuce.

"A kashe ta haka nan," Papa Antoine ya ce daga taga. "Za ku kashe mini mota."

Mailafiya yana kallon kaji. Geneviève ta riƙe makullin, ba ta murɗa ba.

Ba ta iya cewa ga lokacin da abin ya sauya ba. Hayaƙin ya yi ta sirancewa har ya ɓace. Ɗigar ruwan ta tsaya, ƙasar da ta jiƙe ta fara bushewa. Karkarwar ta lafa, madubin gefe da ke ta rawa ya tsaya cak, har tana ganin fuskarta a ciki. Ƙarar ta sauka ta koma wani gurnani mara gargada da ba a ƙara ji a gidan ba tun kafin mahaifiyarta ta rasu. Taga ma ta yi shiru.

Sai a lokacin Mailafiya ya tashi. Ya tsinki ɗanyen ganye ya riƙe a bakin salansa. Ganyen ya yi ta kaɗawa waje, bai taɓa komawa ciki ba. Ya leƙa bakin lagireto, wanda ya bari a buɗe: ruwan yana zagayawa, babu kumfa ko ɗaya.

Daga aljihun rigarsa ya zaro wata sanda ta icen kanya, tsawon kamu ɗaya, baƙa saboda shekarun mai. Gefe ɗaya duk sawun haƙori ne. Ya ɗora ƙarshenta a kan injin, ya ciji ɗaya ƙarshen da turamen haƙoransa, ya rufe ido.

Geneviève ta taɓa jin labarin, amma ba ta taɓa gani ba. Mutumin da ba ya jin kiran sunansa daga taku uku yana tsaye yana sauraron cikin ƙarfe. Yakan daɗe a wuri guda, sannan ya matsar da sandar faɗin yatsa biyu. Ya bi saman injin daga gaba zuwa baya. Ya sauko gefe. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kai sandar can ƙasa kusa da tukunyar mai. Fanka tana juyawa dab da hannun rigarsa, bai ko duba ba. A wani wuri girarsa ta ɗaga, ya koma baya kaɗan, ya sake saurare, sannan ya wuce. Leɓunansa suna motsi a jikin icen kamar mai amsa gaisuwa.

Da ya miƙe, ya matso kusa da ita. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ƙarar injin ta rufe muryarsa daga taga.

"Lafiyarta ƙalau. Farin nan raɓa ce. Inji in ya tashi yakan yi gumi a ciki, ga iskar kogi, ga damina. In ya yi zafi sosai gumin yakan ƙone ya fita. Ku kuwa kuna tayar da ita, tana fara gumi ku kashe. Shekara da shekaru. Tausayinku ne ya taru a murfin." Ya dafa motar. "A juye mai, a sauya bel da tayoyi. Poli kam za ta je. Za ta je ta dawo."

Geneviève ta dubi taga. Labulen bai motsa ba. Ta juya wa tagar baya, ta tsaya daidai gaban Mailafiya. Ba a yi wa kurma raɗa, amma shi ba ya bukatar murya. Ta motsa leɓunanta kawai.

Ka ce masa ba za ta kai ba.

Ya kalli bakinta har ta gama. Ta sake maimaitawa.

"Na gani tun farko," in ji shi.

Ya goge kan sandar da gefen rigarsa, ya juya ta, ya miƙa mata. Ta yi jinkiri. Ya kama hannunta ya ɗora ƙarshen a saman injin, ya nuna mata haƙoransa. Ta ciza.

Ƙarar ba ta shiga ta kunne ba. A tsakiyar kanta ta tashi. Da farko hayaniya ce kawai, sannan ta rarrabu. Akwai wani siririn tik-tik a sama, mai sauri, kamar keken ɗinki a hannun wanda ya ƙware. Mailafiya ya saukar da sandar ƙasa. Nan kuma bugu ne mai nauyi, huɗu suna karɓar juna, babu mai riga wani, babu mai makara. A bayansu akwai wani dogon shuu, wanda ta gane daga baya mai ne yake bin hanyoyinsa. Duk wannan yana faruwa a cikin duhu, a cikin ƙarfen da aka rufe tun kafin a haife ta, kuma babu abin da ya ɓata lissafinsa.

Ta san sautin. Shi ne wanda take ji in ta kwantar da kumatu a kujerar baya tana yarinya, a hanyar Poli, ƙeyar mahaifinta tana gabanta. Ba ta san jikinta ya ajiye shi ba.

Ta saki sandar. Haƙoranta suna ci gaba da rawa.

"Ni ban taɓa yi wa inji ƙazafi ba," in ji Mailafiya. "Ba zan fara a kan wannan ba. Amma ubanki ne, ba nawa ba. Ba zan shiga ɗakin ba. Abin da kika gaya masa, ba wanda zai ji wani daban daga bakina." Ya mayar da sandar aljihu, ya tattara sufanunsa a tsumma. "Azahar ta yi. Ki kashe ta yanzu, ta ji daɗi."

Ya fita ba tare da ya dubi taga ba.

Geneviève ta murɗa makulli. Injin ya tsaya nan take, ƙarfen ya shiga ƙananan ƙararrakinsa na hucewa. Ta daɗe zaune da hannu a kan sitiyari. Ta shirya jimlar da za ta faɗa, gajera ce, kuma Bertrand zai goyi bayanta ta waya. Ta wanke hannu a bakin famfo, ta shiga.

Papa Antoine ba ya kwance. Yana zaune a bakin gado, numfashinsa yana fita da ƙyar saboda wahalar tashi. Ya jawo takalmansa na fata daga ƙarƙashin gado. Ya sa ƙafa ɗaya rabi, ɗayar ta kumbura ta ƙi shiga, shi kuma ya kasa sunkuyawa.

"Me kurman ya ce?"

"Ya ce tayoyin sun mutu."

"Tayoyi." Ya gyaɗa kai. Direba ne shi tun kafin ta zo duniya, kuma tagar a buɗe take. Bai tambaye ta injin ba. Ya zuba mata ido kawai, yana jira, kuma ta ga cewa duk abin da ta faɗa zai karɓa, zai cika alkawarinsa.

Ta durƙusa a gabansa. Ta zare igiyar takalmin gaba ɗaya, ta buɗe bakinsa, ta tallafi diddigen ta shigar a hankali.

"Ba yau ba ne, Papa. Sai an juye mai, an nemo tayoyi. Kuma sai ka je wanki na jibi."

"Na jibi zan je."

"A Ngong za mu tsaya ka sha magani, ba gardama."

"Mu?"

"Ni zan tuƙa."

Ya dubi tsakiyar kanta, inda furfura ta fara fitowa.

"Giyarta a jikin sitiyari take. Ba ki iya ba."

"Ka koya mini a hanya," in ji ta, ta jawo ɗaya ƙafar.