Tsatsar Hajj Mansour

Kai ma kana cikin motar nan ranar Talata, kuma ka kau da kai. To, bari in gaya maka abin da ka ƙi kallo.

Direba ya taka birki a bawaba, shingen 'yan bindiga da ke bakin unguwar Mahdiya, a garin Sabha. Yacouba ya ƙara matse buhunsa tsakanin ƙafafu. Banati shida ne a ciki, wuƙaƙen bakin bindiga na sojojin da, kuma ba nasa ba ne. Shi maƙeri ne, mutumin Tawa, shekararsa huɗu yana wasa wa mahautan unguwar wuƙa. Mai su Hajj Mansour ne, Balaraben da ya cika bangon falonsa da irinsu, na Italiya da na Faransa, yana saye daga hannun masu tsintar su a rairayin hamada. Ran Asabar ya kawo waɗannan, ya ce a ɗaure mariƙansu da suka yi sako-sako, shi ke nan.

Amma Yacouba ya ga tsatsa, ya ji kunya. A gidansu, maƙerin da ya mayar da ƙarfe da tsatsa ya zubar da mutuncin ubansa. Kwana biyu ya yi yana gogewa yana washi, don ya faranta wa Hajj rai. Ran Talatar nan ya ɗauko su zai mayar masa.

"Kai, baƙo, sauko. Ina ikama?" in ji wani saurayi mai bindiga a kafaɗa.

Yacouba ba shi da ikama, takardar zaman ƙasa. Saurayin ya zazzage buhun a kan kwalta, rana ta daki ƙarafan. Ya ja da baya, ya sa aka sauke kowa.

"Tsofaffi ne, yallaɓai," in ji Yacouba da gurguwar Larabcinsa. "Na ado ne. Sun girmi kakana."

Saurayin ya ɗauki guda, ya goga a damtsensa. Gashi ya zube.

"Wannan ne ya girmi kakanka? Wa za ka yanka a Sabha?"

"Na Hajj Mansour ne. Ga lambarsa, don Allah ku kira."

Aka durƙusar da shi a rana, hannuwa bisa kai, har farar motar Hajj ta iso. Yacouba ya yi ajiyar zuciya. Hajj bai dube shi ba. Ya tsuguna, ya sa tabarau, ya juya banati guda yana neman wani abu kusa da mariƙi.

"Ina hatimin? Akwai lambar masana'anta a nan!"

"Tsatsa ta cinye wurin, ya Hajj, sai na daidaita shi. Dubi yadda yake sheƙi."

"Sheƙi! Tsatsar nan na saya, jaki! Shekara casa'in tana kwance, ka kankare min ita a kwana biyu. Yanzu me ya raba shi da wuƙar yanka albasa?"

Saurayin ya gaji da tsayuwa. "Ya Hajj, kayanka ne?"

"Nawa ne."

"Shi fa? Ka san shi?"

Hajj ya naɗe ƙarafan ɗaya bayan ɗaya cikin bargo, kamar mai naɗe jariri.

"Na ba wani maƙeri aiki," ya ce. "Wannan ba maƙeri ba ne."

Ya kwantar da bargon a kujerar gaba, ya ja motarsa.

Saurayin ya juyo ga fasinjoji. Ba mugu ba ne sosai, mafita yake nema. "A cikinku akwai wanda ya san sana'arsa? Mutum ɗaya ya ishe ni."

Mutum tara, duk masu jin Hausa. Kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Yacouba ya dube ka, kai da kake shan shayi a rumfarsa kullum bayan la'asar. Bai kira sunanka ba, don ya san taka takardar ma ta ƙare. Aka tura shi bayan a-kori-kura.

Yau kwana uku. Matarsa Safoura tana zuwa daga unguwar Tayuri kowace safiya, ta share rumfar, ta ce wa mahauta su dawo gobe. Kuna cewa baƙo ba ya ɗaga murya a ƙasar mutane. Wa ya ce ka ɗaga murya? Kalma biyu aka nema: maƙeri ne.

Saurayin nan yana bawaba har azahar. Sa takalminka ka je ka faɗa masa.