Amshin La Dungu

A tsibirin nan waƙar kiran jirage rabi biyu ce. Mata su tsaya a bakin ruwa su rera nasu, maza su amsa daga cikin teku. Mace ba ta rera amshin maza sai sau ɗaya a rayuwarta, ranar da ta haƙura cewa mijinta ya mutu. To, tun da jirage suka samu inji, wa zai ji waƙa cikin wannan ƙara? Mazan da suka iya amshin duk sun bi juna zuwa maƙabarta, aka bar wata tsohuwa, Wa Sariba, ita kaɗai da shi a ka.

Ita kuwa ba ta taɓa rera shi ba. Mijinta La Dungu ya fita kamun kifi tun tana da baƙin gashi, ba a ga gawa ba, ba a ga ko katakon jirgi ba. Har yau in ta turara rogo sai ta ware nasa. Kullum kewarsa sabuwa take komawa.

Sai ga jikar ƙanwarta, Wa Rumi, daga jami'a, da na'urar ɗaukar murya, wai tana tattara waƙoƙin tsibirai. Ta ɗauki rabin da mata ke rerawa, ta nemi ɗaya rabin.

"Ke da ko kifi ba ki iya gyarawa ba, me za ki yi da waƙar maza?" in ji tsohuwar.

"Kaka, ai ke ma haƙoran cin kifin sun ƙare," Wa Rumi ta ce tana dariya. Sai ta sassauta murya. "In kika tafi da shi, shi ke nan fa. Ba mai sake jin yadda La Dungu yake amsa miki."

Maganar ta soki Wa Sariba. In ta rera, ta binne shi da bakinta. In ta ƙi, muryarsa ta bi ta kabari. Ta nuna na'urar ta ce, "Kunna abin naki."

Ta rera shi kaf, har da 'yar shaƙewar da La Dungu ke yi a ƙarshen baiti. Da ta gama ta share ido da gefen zane.

"Saura nawa sharaɗin. Shiga kwalekwale ki wuce duwatsun can. In kin ji na yi kira, ki kunna amshin da kika ɗauka."

Wa Rumi ta tuƙa ta tafi. Tsohuwar ta shiga ruwa har gwiwa, ta ɗaga murya ta yi kira kamar yadda take yi tana amarya. Can daga nesa amshi ya taso a kan ruwa. Ta sani sarai muryarta ce, amma ta tsaya ta saurara har ƙarshe.

Da ta koma gida ta turara rogo daidai cikin mutum biyu, ita da baƙuwarta, ba ta ware komai ba.