Kwalbar Waken da Na Kai wa Baba Arvid

Da safiyar Asabar, ina tsaye bakin tagar kicin da kofi a hannu, saƙon Lucille ya shigo wayata. Saura kaɗan in goge shi ban karanta ba.

Shekara biyu ke nan ina rubutu a shafina na intanet kan lambun bayan gidanmu, a wani ƙaramin gari na arewacin jihar Minnesota a Amurka. Ni da mijina Glenn mun yi alkawarin cin abin da aka noma kusa da mu kaɗai, kofi ne kawai muka yi wa uzuri. Masu karatuna sun kai dubu uku. Lucille, ɗaya daga cikinsu, tsohuwa ce daga jihar Maine, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ban taɓa ganin fuskarta ba, amma ba rubutun da ke wucewa ba ta sa masa baki ba: na shuka tafarnuwa da wuri, na cika wa tumatir ruwa. Glenn Sufeto yake ce mata.

Ranar Juma'a na sa hoton ɗakin ajiyarmu, da bayanin yadda na rufe koren wake a kwalabe tun watan Agusta: ruwa, gishiri, a jera kwalaben a babbar tukunya a tafasa awa guda.

Ga abin da ta rubuto: "Corinne, yau ba gyara na zo yi ba. Koren wake ba shi da tsami irin na tumatir. Tafasa kaɗai ba ta kashe ƙwayar cutar da ke maƙale da shi, sai tukunyar da ake ɗaure wa murfi tururi ya taru. In ƙwayar ta rayu cikin kwalba, guba take saki, babu wari babu ɗanɗano, tana shanye jiki har ta kai ga numfashi. Kada kowa ya ci. Ga lambata."

Na ajiye kofin na sauka ɗakin ajiya. Bakwai na rufe. Biyar na nan a jere. Ɗaya na ba maƙwabciyata Bernadette. Ɗayar kuma ran Lahadi na kai wa Baba Arvid, mahaifin Glenn, mai shekara tamanin da ɗaya, wanda ke zaune shi kaɗai a gonarsa mil talatin daga gari.

Ta Bernadette na same ta a rufe, na karɓe ba dogon bayani. Baba kuwa sau huɗu na buga wayar gidansa ba a ɗauka ba. Glenn ya tafi aiki birnin Duluth tun asuba. Da na gaya masa a waya ya ce, "Ki tafi yanzu. Ina zuwa."

Na tarar da Baba a bayan rumbu yana faskare, karensa kwance a gefe.

"'Yar nan, lafiya? Kin shigo kamar ana bin ki."

"Baba, waken da na kawo maka, yana ina?"

"Rabi na firji, rabi na ciki." Ya shafa tumbinsa. "Gishiri ya ɗan yi yawa, amma ba zan kai ƙara ba."

"Yaushe ka ci?"

"Jiya da rana."

"Ka tafasa shi?"

"In tafasa abin da aka riga aka dafa? Albasa na yanka a kai, na ci da sanyinsa, yadda marigayiya matata take yi mana."

Na yi masa bayani. Ya saurara yana jingine da gatari, sannan ya yi dariya.

"Abin da na ci a soja ko kare ba zai shinshina ba, ga ni nan. Wata tsohuwa da ba ki taɓa gani ba ta ce, shi ke nan sai asibiti?"

Na koma gefe na kira Lucille. Muryarta ta fi yadda nake zato taushi.

"Dubi fatar idonsa," in ji ta. "Ki ba shi ruwa ki ga yadda zai haɗiye."

Na ɗebo ruwa a kofi. Ya karɓa don ya rabu da ni, ya kurɓa, sai tari ya sarƙe shi, ruwan ya biyo gefen bakinsa.

"Ƙwarewa ce kawai," ya ce.

Amma na gani. Fatar idonsa na hagu ta sauko kamar mai jin barci.

"Baba, shiga mota."

"Itacen nan ba zai faskare kansa ba."

"Da hannuna na kawo maka kwalbar nan. In wani abu ya same ka, da wane ido zan dubi Glenn? Ka yi don ni, ko da kana ganin shirme ne."

Ya kafa gatarin a kututture ya ce, "Bari in zuba wa kare abinci."

Na naɗe sauran waken a leda biyu, kamar yadda Lucille ta ce, na sa a bayan mota. Muna tafe yana mita kan fetur ɗin da nake ƙonawa. Mun yi wajen mil goma, sai ya nuna bakin hanya.

"Yaushe su Halvorsen suka ƙara akwatin wasiƙa? Biyu nake gani."

Ɗaya ne. Na ƙara taka mota. Bai sake mita ba. Can ya kira sunana, sai na ji kalmar ta fito a narke, kamar bakinsa cike da abinci.

A asibitin garinmu likitar da ta karɓe mu ta ji kalma uku daga bakina, wake, kwalba, gida, ta daina rubutu. Cikin minti ashirin an sa shi a motar asibiti zuwa Duluth. Maganin gubar ba a ajiye shi a ko'ina kusa, sai an kawo ta jirgi. Awa bakwai muka jira. Glenn ya same ni a can, ya zauna kusa da ni a kan benci a barandar asibitin, hularsa a hannu, yana juya ta. A awa ta biyar ƙirjin Baba ya gaza, aka sa masa na'urar numfashi.

A kan bencin nan na buɗe waya na cire rubutun Juma'a daga shafina. Na rubuta wani: abin da na yi, abin da ya jawo, da cewa duk wanda ya bi bayanina ya zubar, kada ma ya ɗanɗana. Na sa sunan Lucille da izininta. Kafin yamma mutum huɗu sun amsa cewa suna da wake a tukunya ko sun riga sun rufe. Wata mata a Ohio ta zubar da kwalba goma sha huɗu. Wasu sun zage ni, na bar zagin a inda yake.

Gwaji ya nuna gubar na cikin kwalbar Baba, da biyu cikin shidan da ke gidanmu. Kwana shida ya yi a kan na'ura, kwana goma sha tara a asibiti. Likitar Duluth ta ce da an ƙara yini guda, da wani zancen ake yi.

Glenn bai taɓa cewa laifina ba ne, bai kuma taɓa cewa ba laifina ba ne. Mun kwashe kayan ɗakin baƙi muka sa wa Baba gado, zai zauna da mu har ƙanƙara ta narke. Muryarsa ta dawo, sai dai siririya. Da ƙaramin cokali yake cin abinci, a hankali, yana hutawa tsakanin loma da loma, mu kuma ba mai tashi daga tebur sai ya gama.