Ta Biyar a Gidan Tela

"Mu huɗu ne," in ji telan, ƙafarsa na kan keken ɗinki. "Ni, mai ɗakina, da samari biyu. Rubuta ki wuce, aiki ya yi mini yawa."

Malamar ƙidaya ta gyara zama a kan bencin shagon. Tun safe take shiga gida-gida da 'yar na'urarta, ta kuma saba da masu gaggawa. A wajen horo an ja musu kunne: ƙidayar baya ta zubar da mutane da yawa saboda an karɓi amsar farko an tashi.

"Baba, bari in sake tambaya. Wa da wa suka kwana a gidan nan jiya?"

"Kunnenki ƙalau kuwa?"

Matar telan ta shigo da kofin ruwa. Ta ajiye, amma ba ta koma ba.

"Akwai Auta," ta ce a hankali.

Keken ya tsaya.

"Ke kuma wa ya sa bakinki?" Ya juyo wajen malamar. "'Yata ce. Ba ta ji, ba ta magana. Me hukuma za ta yi da ita? A rubuta ta a yi ta nuna mu da yatsa?"

"Babu mai ganin sunanta, Baba. Adadi kawai ke fita. Amma in kowane gida ya ɓoye tasa, gobe masu tsara makarantu da asibiti za su ce babu kurame a unguwar nan. Wa zai yi tanadi don wanda babu shi?"

Uwar ta ɗaga labule ta yi alama da hannu.

Budurwa ce ta fito, doguwa, da allura soke a gefen mayafinta da wata riga a kafaɗa. Ta dubi baƙuwar ido cikin ido, ta yi murmushi. Malamar ta ɗaga mata hannu, ta rama.

Tambayoyin suka tafi daidai, uwar na amsawa. Shekaru, goma sha tara. Makaranta, ba ta taɓa shiga ba. A nan uwar ta sunkuyar da kai.

"Sana'a fa?"

"Babu," in ji telan da sauri.

"Babu?" Matar ta zare rigar daga kafaɗar 'yarta ta shimfiɗa a kan keken, a gabansa. Aikin wuyan ya kwanta lumui, zare bai kauce ko ɗaya ba. "To wannan aljanu ne suke yi maka?"

Malamar ta danne dariyarta. Ba ta rubuta komai ba, ta jira.

Telan ya shafa aikin da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Auta na tsaye tana bin bakinsu da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi gyaran murya.

"Goge huɗun nan, ki sa biyar," ya ce. "Wajen sana'a kuma ki rubuta tela."